Darasi na Tara: Wa Ke Riƙe da Makullin Kwamfutarka?

Wata ɗalibar ajinmu, wadda ita ce ma'ajin ƙungiyar mata masu sayar da riɗi da agushi a Shabu, ta shigo aji da filash a hannu, ranta a ɓace. Lissafin adashen wata takwas ne a ciki. Ta kai shi wani shago a bakin titin da ya taso daga Lafiya zuwa Akwanga don a buga mata a takarda. Aka buga, ta biya, ta koma gida. Da ta soka filash ɗin a kwamfutar ɗanta sai ta tarar sunayen takardun suna nan, amma kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, in ta danna ba abin da ke buɗewa.

"Malam, kuɗin mutane ne fa. Me zan ce musu?"

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. Kawo mu gani."

Muka soka shi a wata tsohuwar laftof mai Linux. Sai ga takardu reras, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Ƙwayar cutar da filash ɗin ya kwaso a shago ɓoye su kawai ta yi, ta jera na bogi a madadinsu, domin duk wanda ya danna ita ma ta samu hanyar shiga tasa kwamfutar. Don Windows aka ƙera ta, saboda haka da ta faɗo gidan da ba ta jin yarensa sai ta rasa abin yi. Muka kwafe takardun, muka share ta.

Abin da ya bambanta kwamfutar ɗan Hajiya da wannan tsohuwar laftof shi ne babbar manhajar da ke cikin kowacce, kuma a kanta darasinmu zai tsaya.

Mece ce babbar manhaja?

Ku tuna aikin shugaban tasha. Shi ke faɗin motar da ke kan layi, da wadda za ta jira, da wanda ba a yarda ya yi lodi ba sam. Ba ya tuƙi, amma in babu shi tasha ta rikice. Haka babbar manhaja take a cikin kwamfuta. Ita ke tashi in ka kunna, ita ke tambayar kalmar sirri, ita ke karɓar abin da ka latsa ta nuna shi a fuskar kwamfuta, ta aika wa firinta aiki. Ƙananan manhajoji irin su Word da Chrome da WhatsApp duk a ƙarƙashinta suke aiki, da izininta.

Uku ne suka yi fice a kwamfutar tebur da laftof. Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka ce, ta fara fitowa a 1985, kuma ita ce a kusan kowane shago da ofis da kuka sani. Akwai macOS ta kamfanin Apple, wadda aka yi ta don kwamfutocin Apple kaɗai. Sai Linux, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991, ya sake ta ga duniya kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Shi ya sa Linux take da 'ya'ya barkatai: Debian, Ubuntu, Linux Mint, Fedora da sauransu. Ubuntu ma ɗan Afirka ta Kudu ne ya assasa ta a 2004, Mark Shuttleworth, kuma sunan daga harsunan Zulu da Kosa ya fito, ma'anarsa ta yi kusa da abin da muke kira mutuntaka.

Wanda ya ce bai taɓa amfani da Linux ba ya laluba aljihunsa. Android ɗin da ke cikin Tecno da Infinix da itel a kan gindin Linux aka gina ta.

Tsaro

Windows ce aka fi kai wa hari, dalilin kuwa a fili yake: ɓarawo kasuwa yake bi, ba ya zuwa inda babu jama'a. Tunda mafi yawan kwamfutocin ofisoshi da shagunan duniya Windows ke cikinsu, mai ƙera ƙwayar cuta ya san in ya yi don ita zai samu mutane da yawa. Microsoft kuwa ba ta zauna haka nan ba. Kowace Talata ta biyu a wata tana fitar da gyare-gyaren da ke toshe ɓarakar da aka gano, kuma akwai mai gadi a cikin Windows da ake kira Defender, kyauta ne, yana kuma aiki. Windows 11 ta gaskiya, wadda ake sabuntawa a kan kari, gida ne mai katanga.

Amma wace Windows ce a shagunanmu? A nan gizo ke saƙar. An sayo laftof ta hannu, wadda ta gama aikinta a wani ofis a Turai ko Amurka. An kai wa mai gyara, ya ciro nasa filash ya ɗora Windows ɗin da ba a biya lasisinta ba, ya bi ta da wata 'yar manhaja da ke yaudararta ta ɗauka an biya. Ita wannan 'yar manhaja Defender na ganinta a matsayin ɓarauniya, don haka mai gyara ya kashe Defender. Sabuntawa kuma tana cin data, ita ma ya kashe ta, ya ce ya taimake ka. Ka biya kuɗin aiki ka tafi da kwamfutar da aka sallami mai gadinta tun ranar farko, aka kuma hana maginin da ke lissa mata katanga zuwa. Ba wanda ya san abin da aka cusa cikin wannan 'yar manhaja, har shi mai gyaran, domin shi ma a intanet ya tsinto ta. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da rashin sabuntawa ke jawowa duniya ta gan shi ranar 12 ga Mayu, 2017. Wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe sama da 150, tana kulle takardun mutane tana neman fansar dala 300. A Ingila sai da wasu asibitocin gwamnati suka riƙa mayar da marasa lafiya gida saboda kwamfutoci sun tsaya. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na wannan shekara Microsoft ta fitar da gyaran da ke toshe ainihin ƙofar da cutar ta bi. Waɗanda suka sabunta ba abin da ya same su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga kuma maganar wa'adi, wadda masu sayar da kwamfuta ba su cika faɗa ba. Kowace Windows tana da ranar da kamfani ke janye hannunsa daga gare ta. Ta XP ta cika ranar 8 ga Afrilu, 2014. Ta Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020. Ta Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ɗan ƙarin lokaci ga wanda ya yi rajista ta musamman. Bayan ranar kwamfuta za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki kamar jiya, wannan ne ma ke yaudarar mutane, amma duk ɓarakar da aka gano daga nan a buɗe za ta zauna. Windows 11 kuma tana da zaɓe. Tana neman wani ƙaramin guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta wajen 2018 zuwa sama, abin da ya bar tsofaffin laftof da yawa a waje, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu.

Apple ta bi wata hanya daban. Ita ke ƙera kwamfutar, ita ke rubuta manhajar, ta kuma tsayar da mai tsaron ƙofa da ke tare duk manhajar da ba a san mai ita ba. Cutar filash irin ta Hajiya ba ta kama Mac. Amma masu cewa Mac ba ta kamuwa da komai sun zarce gona da iri. Akwai cututtukan da aka yi musamman don ita, masu satar kalmomin sirri, kuma yawanci ta manhajar sata suke shiga. Sa'annan tsohuwar MacBook ita ma Apple na daina aiko mata gyara bayan wasu shekaru, komai ƙyallinta.

Ƙarfin Linux a wuri biyu yake. Na farko, ba a yawon tsintar manhaja a intanet. Akwai rumbu guda da masu kula da ita suka tace, daga nan ake ɗauka, daga nan kuma gyara ke zuwa ga komai a lokaci ɗaya. Na biyu, ba abin da zai taɓa gindin manhajar sai an nemi kalmar sirrinka. Asalin rubutunta a buɗe yake, dubban idanu na kallo, shi ya sa galibin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet ita suke amfani da ita, kuma tun 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux ce a cikinsu. Duk da haka kada a mai da ita laya. A watan Maris na 2024 an gano wani ya shafe shekaru yana nuna shi mai taimako ne a aikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar sirri a ciki. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu ya tono abin kafin ya bazu. Ma'aikacin Microsoft ne kuwa, abin dariya. Buɗaɗɗen rubutu ne ya ba shi damar ganowa, amma da ƙyar aka sha.

Akwai ɓarawon da ba ruwansa da wannan muhawara duka. Shi ne mai bugo waya ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lambar da aka turo maka ba. Ko wace manhaja kake da ita, in ka karanto, an gama.

Iko

A 2007 an shirya raba ƙananan laftof 17,000 samfurin Classmate na kamfanin Intel ga makarantun Najeriya, aka zaɓi a ɗora musu Linux ta wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana zargin an yi masa zagon ƙasa. Microsoft ta musanta aikata ba daidai ba. Daga baya asusun gwamnati na USPF, wanda ya ɗauki nauyin mafi yawan kwamfutocin, ya nuna da Mandriva zai ci gaba.

Me ya sa manyan kamfanoni za su yi sa-in-sa a kan kwamfutar 'yan makaranta? Saboda sun san abin da yaro ya saba da shi yana ƙarami, shi zai nema in ya zama ma'aikaci, shi zai saya wa ofishinsa in ya zama darakta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muke koyon kwamfuta da furfura a ka, ya kamata mu san cewa sabon da muka yi da Windows wani ne ya zaɓa mana.

In ka sayi Windows, izinin amfani ka saya, kamar ɗan haya. Mai gida na da sharuɗɗansa. Windows 11 na matsa maka ka haɗa intanet ka buɗe asusun Microsoft tun wajen kafa ta. Tana aika wa kamfani wasu bayanai game da yadda kwamfutar ke aiki, kana iya rage su amma ba ka iya tsayar da su duka. Takan ɗauko sabuntawa mai nauyi lokacin da ta ga dama. Wanda ya taɓa haɗa laftof da datar wayarsa ya juya ya ga gigabait biyu sun tafi ya san zafin abin. Maganinsa yana nan cikin saitin intanet: ka nuna mata layin nan na awo ne, za ta rage ci. Wannan ya fi kashe sabuntawa gaba ɗaya, nesa ba kusa ba.

Gidan Apple ya fi tsafta, dokokinsa kuma sun fi tsauri. Kayan gyaransa na da tsada, a sababbin samfura ba a iya ƙara ƙwaƙwalwa bayan an saya, kuma in ta lalace a nan sau da yawa sai an haɗa da tafiya Abuja.

Linux fili ne da aka ba ka da takardunsa. Lasisinta ya halatta maka ka kwafa, ka ba maƙwabci, ka ɗora wa kwamfuta hamsin a makaranta ba tare da biyan sisi ba, kuma ba sata ka yi ba. Ga wanda ke damuwa da halal da haram a sana'arsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kai ke zaɓar lokacin sabuntawa, ba wanda zai kashe maka kwamfuta kana tsakiyar aiki. Ubuntu na fitar da babban bugu duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da alkawarin gyara na shekara biyar. Sai dai mai gidan kansa shi ke hawa jinka in ta yi yoyo. Linux za ta bar ka ka share abin da bai kamata ba in ka ba ta umarni, don haka kada ka kwafo umarnin da ba ka gane ba daga intanet ka liƙa mata.

Masu shago kuma, akwai amanar da ke wuyanku. Ku duba fuskar kwamfutar shago ku ga abin da ke zube: takardun NIN na mutane, hotunan fasfo, sakamakon WAEC, bayanan banki. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan wani nauyin kiyaye su. Ko babu doka, wanda ya ba ka takardarsa ka buga masa bai ba ka don ta kwana a wurinka ba. In an gama aiki a share.

Sauƙin amfani

Nan Windows ta yi nasara, kuma sabo ne ya ba ta. Mai gyara ya san ta, ɗanka ya san ta, in ka maƙale akwai wanda za ka tambaya a unguwa. Ofisoshi Word da Excel suke tambaya. Mai buga katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa da CorelDRAW yake cin abinci, ita kuwa ba ta da bugun Linux. Akwai Inkscape a madadinta, amma wanda hannunsa ya shekara goma a CorelDRAW ba zai sauya cikin mako ba, kuma ba zan ce masa ya sauya ba.

Mac na da daɗin aiki ga wanda aljihunsa ya kai.

Linux Mint kuwa ta ba ɗalibai da yawa mamaki. Maɓallin farawa na ƙasa ta hagu inda aka saba, tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce, sai an duba kafin a buga. Laftof ɗin da ke ja da ƙyar a Windows 10 takan samu sauƙi da ita. Yaron da ke shirin JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta kacokan tun 2015, linzami da allon rubutu yake bukatar saba hannu da su, waɗannan kuwa iri ɗaya ne ko'ina. Windows da Linux duk suna da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, a cikin saitin harshe ake ƙara shi. Inda ake shan wuya shi ne wasu firintoci da rashin mai gyaran da ya san ta a kusa. Abin da ya rage haɗarin shi ne ana iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ka gwada firinta, ka gwada intanet, in ba ta yi maka ba ka zare filash.

Kowacce ka zaɓa, kada ka fara babbar sabuntawa sai batir a cike yake ko inji na aiki. In aka ɗauke wuta tana tsakiya, kwamfuta na iya ƙin tashi.

To wacce?

Wanda sana'arsa ta rataya a kan CorelDRAW ko wata manhajar da babu ita a Linux, ya nemi kwamfutar da ke ɗaukar Windows 11, da lasisi na gaskiya, ya bar Defender da sabuntawa a kunne. Laftof ta hannu da yawa suna zuwa da lasisinsu a jiki, ka tambaya kafin mai gyara ya goge. Wanda yake da tsohuwar laftof da Windows 11 ta ƙi, aikinsa kuma rubutu ne da lissafi da intanet, ina ganin Linux Mint ta fi masa zama da Windows 7 ko 10 da aka daina gyarawa. Mai kuɗin Mac ya saya, amma ya fara tambayar shekarar da aka ƙera ta. Wadda ba ta da mazauni a kowane hali ita ce Windows ta bogi da aka kashe mata sabuntawa, musamman in da ita ake shiga asusun banki.

Hajiya ba ta sauya Windows ba, domin ɗanta na aikin makaranta da ita. An dai kunna mata Defender, an sabunta. Yanzu in za ta buga lissafi, ta WhatsApp take tura wa mai shago shafin da take so kaɗai, filash ɗin yana gida, akwai kuma kwafi na biyu a wani wurin.

Tambayoyi da aikin gida

1. Me ya sa ƙwayar cutar da ke filash ɗin Hajiya ta kasa aiki a kwamfuta mai Linux?

2. Mai gyara ya ce maka: "Yallaɓai, na kashe maka sabuntawa don kada ta cinye maka data." Wace amsa za ka ba shi, me kuma za ka ce ya yi a maimakon haka?

3. Ku kasu gida biyu a aji. Wata makarantar Islamiyya ta samu kyautar tsofaffin laftof goma masu Windows 7, kuma babu kuɗin sayen sababbi. Gida ɗaya ya kare barin su yadda suke, ɗayan ya kare ɗora Linux, kowa da hujjarsa daga darasin.

Kafin zama na gaba, kowa ya samu kwamfuta mai Windows, tasa ko ta wurin aiki ko ta shagon da yake hulɗa da shi, bayan ya nemi izini. A danna maɓalli mai tambarin Windows tare da harafin R, a rubuta winver, a danna Enter. Ƙaramar taga za ta fito da sunan Windows ɗin da ke ciki. A rubuta abin da aka gani a littafi, a gwada shi da ranakun wa'adin da ke cikin wannan darasi, a zo da shi aji.